Daɓen siminti ya yi tudu da kwari: a goge, a sake fulo, a zuba mai baje kansa, ko a fasa?

Duk mai sana'ar da ka kira ya duba maka daɓen da ya ƙi daidaituwa, maganin da ke hannunsa shi zai ba ka. Magini zai ce a sayo siminti da yashi a sake fulo. Mai sa tayil zai ce ka bar masa, zai cike kwarin da kwaɓi yana ɗora tayil a kai. Mai injin goge tarazo zai ce ai tudun ne ya ɓata wurin, a cinye shi a huta. Ga kuma samari masu talla a Facebook da TikTok, suna nuna wani siminti mai ruwa-ruwa da ake kwararawa ya baje kansa ya kwanta sumul. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowane aiki da inda ya dace. Sai dai aljihunka ne zai ji a jikinsa, don haka kai ya kamata ka san wanne ne naka tun kafin a sauke buhun siminti ko ɗaya a ƙofar gida.

Abu biyu ke raba gardama: nawa ne tazarar da ke tsakanin tudun da kwarin, sannan ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen ta zauna ko har yanzu tana motsi. A Legas na biyun ya fi nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa.

Awon ba sai an kira injiniya ba. Ari renji na alminiyam, wato miƙaƙƙen ƙarfen nan da ake daidaita shafi da shi, mai tsawon mita 2 a wurin masu filasta. Na katako kada ka yarda da shi, damshin garin nan yakan lanƙwasa shi. Share ɗakin tas, ka kwantar da renjin a ƙasa, ka haska fitilar waya ta bayansa. Inda haske ya ɓullo ta ƙarƙashi, nan ne kwari. Inda renjin ya riƙa lilo, kana kan tudu. Auna ratar da rula, ka zagaye wurin da alli, ka rubuta lambar a ciki. Bi ɗakin ta tsawonsa da faɗinsa, sannan daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙa'idar gini ta Ingila, wadda injiniyoyinmu ke yawan aiki da ita, ta kasa daɓe gida uku: ratar da ba ta wuce milimita 3 ba a ƙarƙashin renji mai mita 2 ita ce aiki mai kyau, irin wanda manyan tayil ke so, milimita 5 aiki ne na yau da kullum, milimita 10 kuwa sai sito da makamantansa.

Renji ba zai nuna maka ɗakin da ya karkata gaba ɗayansa ba. Wannan aikin siririn tiyon nan ne mai garai-garai da magina ke cika wa ruwa. Ku biyu za ku yi: a sa alama a bango a tsayin mita 1, a bi matakin ruwan a zagaya da alamar duk bangwayen, sannan a auna daga kowace alama zuwa ƙasa. Idan nan ka samu santimita 100, can ka samu 104, ka san ɗakin ya gangara da santimita 4.

Sai ka ɗauki guntun rodi ka bi ɗakin kana ƙwanƙwasawa. Daɓe mai lafiya ƙararsa a tsuke take, ƙwas-ƙwas. Inda ka ji yana amsawa bum-bum, ko dai fatar sama ta rabu da kankaren, ko kuma akwai kogo a ƙarƙashin kankaren kansa. In akwai tsagewa, cike ɗan wuri a cikinta da siminti, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka bar shi makonni. Idan cikon ya sake darewa, ƙasa na motsi. Gwaji na ƙarshe na damshi ne: yanki leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, ka liƙe bakinta da salatif a kan daɓen, ka bar ta kwana ɗaya. Ka ɗaga ka ga ta yi gumi, ko wurin ya yi duhu, to ruwa na hawowa daga ƙasa.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, wanda ya taso a Kano ko Katsina ya saba da ƙasa mai tauri da rani mai tsawo, sai ya zo nan ya riƙa lissafi da abin da ya sani. Legas ba haka take ba. Agege da Ikeja da Ogba suna kan tudu, jar ƙasa gare su, matsalar daɓensu galibi ta hannun wanda ya yi aikin ce. Amma Ijora, da Ajegunle, da gefen Mile 12 zuwa Owode inda ruwan kogin Ogun ke malalowa, da Ajah da yawancin Lekki, fadama ce aka cike. A wasu unguwannin ma ba da yashi aka yi cikon ba, da bola da garin katako aka yi. Abin da ke ruɓewa kuwa dole ya ragu, in ya ragu daɓen ya bi shi. Ga ruwan sama sama da milimita 1,500 a shekara, ga ruwan ƙasa da a wasu wuraren in ka yi haƙa ba ka kai ƙugu ba za ka same shi.

Na ga wannan a wani siton wake a gefen kasuwar Mile 12. Tsakiyar siton ta lotsa, buhunan layin ƙasa kullum gindinsu a jiƙe. Maginin ya zagaya ya ce, "Alhaji, buhu uku za su rufe wannan." Mai siton ya ce, "To Malam, bara ma buhu uku aka zuba. Ina suka shiga?" Aka sa lebura ya fasa wuri guda da diga. Kankaren bai kai inci 2 ba, a kansa ga fulo biyu da aka ɗora a lokuta daban-daban, a ƙarƙashinsa kuma ga rata wadda hannu ke shiga har wuyan hannu, sai baƙar ƙasa mai wari haɗe da tsummokara da ledar ruwa. Kowane sabon fulo da aka zuba nauyi ya ƙara wa abin da ba shi da madogara. Irin wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Idan gwaje-gwajenka sun nuna ƙasa a zaune take, to sai a shiga zaɓi.

Gogewa ita ce mafi sauƙin bayani. Inji mai faifan daimon, ko na masu tarazo, yana cin tudu: bakin da aka haɗa zubi biyu, ko ƙullutun da ƙofa ke kamawa, ko tudun da bai wuce milimita 5 ba. Amfaninta babba shi ne ba ta ƙara wa ɗaki tsayi ko nauyi, kuma a yini ɗaya an gama. Ba ta cike kwari, kuma a daɓen da siminti ya yi masa kaɗan, wanda in ka karce da ƙusa yashi ke tashi, injin sai dai ya ƙara tona shi. A sa ruwa ana gogewa, domin ƙurar kankare tana lalata huhu, kuma lalacewar ba ta warkewa. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. A bene kuma kada a ci da zurfi, saboda kankaren da ya rufe rodi shi ke kare shi daga tsatsa, iskar Legas kuwa da gishirinta take tafe. Ni dai ban cika ɗaukar gogewa a matsayin aiki mai zaman kansa ba. Tana rage wa sauran hanyoyin kuɗi ne: in ka cinye tudu ɗaya mai milimita 5, ka rage milimita 5 daga abin da za ka zuba a duk faɗin ɗakin.

Sabon fulo na yashi da siminti shi ne abin da ya dace da yawancin ɗakuna da shagunan mutanenmu, muddin tazarar ta kai santimita 2 ko ta wuce. Kayansa na kowane lungu, duk magini ya san shi, ana iya yi masa gangara zuwa magudana, kuma in an yi shi daidai yana ɗaukar turin baro da jan firiza. Matsalarsa ita ce kowa na ganin ya iya, alhali shi aka fi ɓatawa.

Fara da kauri. Fulon da za a manna a kan tsohon kankare kada ya gaza inci 1, wato milimita 25, a wurin da ya fi siranta, wato a kan tudu, ba a cikin kwari ba. Idan za a shimfiɗa leda a tsakani saboda damshi, fulon ba ya manne da komai, da kansa zai tsaya, don haka sai ya kai inci 2. Abin da magina ke yi don rage kuɗi shi ne su cike kwarin kaɗai, su bi gefensa suna sirantawa har ya ɓace a kan tsohon daɓe. Wannan siririn bakin shi ke fara ɓantarewa, ba ya kai wata nawa. In dai faci za a yi a wuri ɗaya, a yanke iyakarsa da giranda a tsaye, a sassare cikinsa ya yi zurfi, sannan a cike.

Lissafin kaya: ɗakin ƙafa 12 da 12 ya kai kusan murabba'in mita 13. A kaurin santimita 4, da haɗin siminti ɗaya yashi huɗu, zai ci buhu 4 na kilo 50. In aka yi ɗaya da uku, buhu 5. Buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, saboda haka a haɗin ɗaya da huɗu kowane buhu kwano takwas na yashi yake ɗauka. Ka tsaya a ƙirga a gabanka. Lebura da ke awo da shebur ko da baro mai tozo zai kai ka haɗin ɗaya da shida ba ka sani ba, sannan ka riƙa share yashi a ɗakinka kullum safiya. Siminti kuwa ba shi ne abin fargaba ba. Na Dangote daga Ibese yake zuwa, na Lafarge daga Ewekoro, duka a jihar Ogun nan kusa, ga na BUA, kuma ko mai lamba 32.5 ko mai 42.5 zai yi fulo. Ka dai taɓa buhun ka ji, wanda ya kwana biyu a shago mai damshi ya fara dunƙulewa kada ka karɓa.

Yashi ne abin dubawa. Mai kaushi ake so, ba mai laushi na filasta ba. Yawancin yashin Legas daga lagun ake yaso shi, ta wajen Ikorodu da Epe da Ajah da Badagry, wani yakan zo da laka, wani da gishiri. Zuba shi rabin gora, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ya kwanta. Laka za ta zauna a sama da launinta daban. In ta kai kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, ko a wanke shi ko a mayar wa mai tifa. Mai gishiri yana jawo damshi, kuma shi ke taimaka wa farin garin nan da ke fitowa a kan daɓe.

Shirin tsohon daɓen shi ne rabin aikin. A ɓamɓare duk inda ke amsawa, a sassare fuskar ta yi kaushi, a kankare fenti da mai da ragowar gam ɗin leda, a wanke. A jiƙa shi tun daren jiya, da safe a kwashe ruwan da ya kwanta. Sai a dama siminti zalla da ruwa, in da hali a haɗa da farin ruwan manni da ake kira SBR, a shafa da tsintsiya ko buroshi, a ɗora kwaɓin tun yana jiƙe. In ya bushe kafin a ɗora, ya zama shamaki maimakon manni. Kafin wannan duka an riga an kafa alamomi, ɗan kwaɓi da guntun tayil a kai, kowanne an daidaita shi da layin tiyon da ke bango, don renji ya samu abin bi.

Kwaɓin kansa ba mai ruwa ba ne, a nan ake rigima da magina. Ɗebi cikin hannu ka matse. Ya kamata ya dunƙule ya riƙe shatin yatsunka, ba tare da ruwa ya ɗiga ba, in ka latsa da babban yatsa kuma ya rabe gida biyu, ba ya warwatse ba. Mai ruwa ya fi daɗin bajewa, shi ya sa suke son sa, amma ruwan da ya yi yawa in ya fita gurbinsa yake bari: daɓen ya tsuke, ya tsage, ya yi rauni. Da yake wannan kwaɓin a bushe-bushe yake, sai an daddaɓe shi sosai kafin a ja renji. Akwai kuma al'adar barbaɗa busasshen siminti a sama a goge da cokali har ya yi sheƙi. Ranar farko yana burge mai gida. Daga baya wannan fatar ita ke tsattsagewa tana tashi. In tayil za a ɗora, ba a ma son santsin, a bar shi yadda katakon shafa ya bar shi.

Sannan ban-ruwa, kwana 7 ba fashi. A rufe da leda ko da buhunan algarara a riƙa jiƙa su, waɗanda 'yan kasuwar hatsi ba sa rasawa. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da bushewa ba, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Bushewa kuma wani jiran ne daban. Lissafin da aka saba shi ne milimita 1 a kwana, wato fulo mai santimita 4 ya tasar wa kwana 40, a damshin Yuni da Yuli kuwa ya fi haka. Wanda ya shimfiɗa ledar ɗaki ko kafet a mako na biyu, wari da baƙin fumfuna za su sanar da shi. Wannan jiran shi ne ainihin tsadar fulo ga mai shagon da hayarsa ke tafiya.

Kada a manta da ƙofa. Santimita 4 na nufin a yanke gindin ƙofar katako, ta ƙarfe kuwa sai an kira mai walda. Ga bakin banɗaki, ga matakin farko na bene. A ɗakin ƙasa dai ƙarin tsayi riba ce a garin da ake ɗaga titi da kwata a bar gidaje a rami.

Siminti mai baje kansa, wanda a kasuwa sai ka ce self-levelling za a gane, kishiyar fulo ne a kusan komai. Yana zuwa a buhun kilo 20 ko 25, ana dama shi ya yi kaurin koko, a kwarara, ya nemi kwari da kansa. Cikin 'yan awoyi ana taka shi, kwana ɗaya ko biyu ana iya ɗora tayil a kan yawancinsu. Aikinsa daga milimita 3 zuwa 10 ne, ko da yake akwai nau'in da ke kai santimita 3 ko fiye. Milimita 3 zuwa 10 ɗin nan ita ce tazarar da fulo ba ya iya shiga, domin ba a yin fulo mai milimita 6 ya zauna.

Lissafi ne ke nuna iyakarsa. Kowane murabba'in mita yana cin kusan kilo 1.6 a kowace milimita. Ɗakin nan namu na ƙafa 12 da 12, a kaurin milimita 5, buhu 4 zuwa 5 ne na kilo 25. Ka ce za ka cike santimita 4 da shi, ka haura buhu 30, kuma kowane buhu ya fi na siminti tsada nesa ba kusa ba. Saboda haka in ɗakin ya karkata, kada ka fara: duk abin da ka zuba kusurwar da ta fi ƙasa zai gudu. A cike babban kwarin da kwaɓi, a bari ya kama, sannan a bi da shi siriri a sama.

Yana da sharuɗɗa da ba ya yafewa. Dole a shafa ruwan share fage da kamfanin ya ce, in ba haka ba tsohon kankare ya tsotse ruwansa, ya fito da ƙananan ramuka ko ya ƙi mannewa. Dole a auna ruwan da ke rubuce a jikin buhu, a dama da injin dirili mai mafici, ba da sanda ba. Dole a toshe bakin ƙofa da duk wata kafa. Lokacin aikinsa minti 20 ne ko kusa da haka, a zafin Legas ma bai kai ba, don haka mutum uku ake so: mai damawa, mai zubawa, mai bi da abin nadi mai ƙayoyi yana fitar da iska. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar damawa, buhun ya tafi, sai a tanadi janareto. A kashe fanka, a rufe taga. Yawancinsu ba a barin su tsirara a yi ta takawa, sai an ɗora wani abu a kai. Ba na banɗaki ba ne, ba na tsakar gida ba, ba na wurin mahauta da ake wankewa kullum ba, tunda waɗannan gangara suke so, shi kuma gangara yake kashewa. In ledar gwajinka ta yi gumi ma ka dakata, musamman nau'in da aka yi da jifsam, wanda damshi ke cinyewa. Ka duba kwanan watan buhu a kasuwar kayan gini ta Odunade da ke Coker ko duk inda ka saya, ba ya jure ajiya mai tsawo.

Inda na fi ganin amfaninsa: masallaci ko makarantar Islamiyya da za a shimfiɗa siririn kafet, inda goshi da gwiwa ke jin duk wani ƙullutu, kuma ba a son rufe wurin wata guda; shagon tela da kekuna ke rawa; da ɗakin bene. Na benen saboda nauyi ne. Fulo mai santimita 4 yana ɗora wa kowane murabba'in mita kilo 80 da wani abu, a ɗakin nan namu sama da tan ɗaya ke nan. Mai baje kansa a milimita 5 kilo 8 ne kacal.

Tun da zancen bene ya zo: daɓen bene da ya lotsa a tsakiya ba aikin magini ba ne. In ka ga tsagewa a silin ɗin ɗakin ƙasa, ko rodi ya fito da tsatsa, ko ƙofofi sun fara cijewa, kada a ƙara ko kwano ɗaya a kai. A kira injiniyan gini mai rajista. Jihar Legas tana da hukumar kula da gine-gine ta LASBCA, tana kuma da ɗakin gwajin kayan gini a Ojodu da ke auna ƙarfin kankare. Garin da ya ga rushewar bene mai hawa 21 a titin Gerrard na Ikoyi a Nuwamban 2021 bai kamata a yi wasa da irin wannan alama a cikinsa ba.

Saura tayin mai tayil, wanda shi aka fi karɓa saboda jifa ɗaya ne: a baje kwaɓi mai kaurin santimita 2 zuwa 4, a zuba ruwan siminti, a ɗora tayil a bubbuga. A hannun gwani, kuma Legas na da su, har da 'yan Togo da Kwatano da suka yi suna a wannan sana'a, yana yin kyau da ƙananan tayil na seramik masu shan ruwa. Amma tayil na fosilin kusan ba ya shan ruwa, shan sa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka siminti zalla ba ya kama bayansa da kyau, gam yake so. Gam kuma ba abin cike kwari ba ne, 'yan milimita ake shafa shi da cokali mai haƙora. In ka ga mai aiki yana ɗiga kwaɓi ko gam tsibi biyar a bayan tayil yana dannawa, tsayar da shi. Tsakanin tsibin nan iska ce, ƙafar gado ko tukunyar gas za ta fasa shi. In manyan tayil ka saya, masu 60 da 60 ko 60 da 120, daidaita ƙasa tukuna, ka sa tayil daga baya, ko da za ka biya hannu biyu. A kuma bar 'yar rata a jikin bango, kada zafi ya tunkuɗo su sama.

Wanda gwajinsa ya nuna ƙasa na motsi, duk abin da aka faɗa a sama ba nasa ba ne. Fasawa ce. A kwashe ruɓaɓɓen cikon har a kai ƙasa mai ɗan ƙarfi, a zuba jar ƙasa ko yashi hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce inci 6, a jiƙa a daddaɓe da inji kafin a ƙara wani. A bi da fasassun duwatsu, a rufe da siririn yashi don kada su huda leda, a shimfiɗa leda mai kauri bakinta na hawa kan juna, a ɗaga ta jikin bango. Sai ragar waya, wadda za a ɗaga ta zauna cikin kankaren, ba a kwance a ƙasa ba. Kankare na ɗaya, biyu, huɗu, wato siminti, yashi, tsakuwa, kauri inci 4 a ɗakin kwana, inci 6 a siton da ake jibge buhuna. Ya fi kowace hanya tsada, ga kuɗin kwashe ɓaraguzai, amma shi kaɗai ke maganin lotsawa da damshi tare. In har bango ma ya tsage ya bi daɓen, to harsashi ne ya motsa, nan ma sai injiniya.

Yawancinmu a Agege da Idi-Araba da Obalende 'yan haya ne, wannan kuma yana sauya lissafi. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana ɗan haya yin sauyi a gida ba tare da rubutacciyar yardar mai gida ba, ta kuma ba shi damar neman diyyar gyaran da ya yi da irin wannan yardar idan mai gidan ya sallame shi. Saboda haka "je ka yi, za mu daidaita" na kiyataka ba hujja ba ce. A rubuta, mai gida ya sa hannu, a faɗi ko za a cire daga kuɗin haya. In ya ƙi, ni ba zan fasa daɓen wani da kuɗina ba. Faci mai kyau a inda ya fi muni, a goge tudun da ke kama ƙofa, kayan sito a ɗora su kan falet ɗin katako su rabu da ƙasa, ya wadatar har Allah Ya kawo wani wurin.

Lokacin aiki kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, ko ɗan tsagaitawar ruwa ta Agusta in aikin ƙarami ne. Sai dai in hunturu ya sauko, a ƙara ƙaimi wurin ban-ruwa, iskarsa na busar da fuskar fulo tun bai kama ba.

Kowace hanya ka ɗauka, ku yi magana da mai aikin tun farko cewa da renji za a karɓi aiki, ka faɗa masa ratar da ka yarda da ita, ka riƙe wani kaso na kuɗin hannu. Washegarin zubi, da zarar ana iya takawa a hankali, ku bi ɗakin tare da renji da fitila, banɗaki kuma a watsa bokitin ruwa a ga inda ya nufa. Tudun da aka gano a ranar ana iya kankare shi da cokali ko dutsen gogewa. Bayan mako guda sai an yi hayar inji.